Gwajin Shiga Digiri na Biyu a Fannin Kiɗa da Waƙa

Gwajin shiga digiri na biyu a fannin kiɗa da waƙa jarrabawa ce ta aikace da makarantun kiɗa da sassan kiɗa na jami'o'i ke yi wa wanda ya gama digiri na farko, yake kuma neman zurfafa ƙwarewa a kan abin kiɗansa ko muryarsa. Mai nema yakan tsaya gaban malamai ya kaɗa, ko ya busa, ko ya rera, su kuma su yanke hukunci a kan abin da kunnensu ya ji. Ana duba takardun shaida, amma gwajin ne ke rinjaye. Karatun yakan ɗauki shekara 2 a Amurka, shekara 1 ko 2 a Ingila, kuma ana rufe shi da wasa a bainar jama'a wanda malamai ke ba maki. A Zamfara da Kebbi, inda makaɗan fada da na sana'a suka daɗe da nasu tsarin horo da tantancewa, wannan hanya baƙuwa ce, kuma har yau ba ta haɗu da ta gida ba.

Asali

Makarantun kiɗa na Turai sun samo tushe daga gidajen marayu na Italiya, musamman na birnin Napoli, inda tun ƙarni na 16 ake koya wa yara waƙar coci da kaɗe-kaɗe. Makarantar kiɗa ta Faris, wadda aka kafa a 1795 bayan juyin juya halin Faransa, ita ta zama abin koyi: hukuma ke ɗaukar nauyinta, shigarta da gasa, fita ma da gasa. Landan ta samu Royal Academy of Music a 1822, Felix Mendelssohn kuma ya buɗe makarantar Leipzig a Jamus a 1843.

Ƙa'idojin shiga na wancan zamani masu tsauri ne, kuma ba kullum suke gane mai baiwa ba. A 1823 makarantar Faris ta ƙi karɓar Franz Liszt, wanda daga baya ya zama shahararren makaɗin piyano, yana yaro saboda ba Bafaranshe ba ne. A 1832 makarantar Milan ta ƙi karɓar Giuseppe Verdi, wanda daga baya ya shahara wajen tsara kiɗa, yana ɗan shekara 18, bisa hujjar ya wuce shekarun shiga kuma ba a gamsu da hannunsa a kan piyano ba. Yau makarantar da sunansa ake kiran ta.

Amurka ce ta fi shigar da kiɗan aikace cikin tsarin digiri. Makarantar da daga baya ta zama Juilliard ta fara a 1905, Eastman a 1921, Curtis a 1924, sannan a farkon shekarun 1950 aka soma ba da digiri na uku na kiɗan aikace. Gwaji a bayan labule, inda alƙalai ba sa ganin mai kiɗa, ana danganta farkonsa da babbar ƙungiyar makaɗa ta Boston wajen 1952. Wajen ɗaukar aiki ya fi yaɗuwa. Makarantu galibi suna son ganin ɗalibi ido da ido.

Horo da tantancewa a Zamfara da Kebbi

Kiɗa a wannan yanki galibi gado ne. Yaro yakan fara da bin mahaifinsa ko yayansa, yana ɗaukar kayan kiɗa, yana kallon yadda ake ɗaure fata a jikin kotso ko taushi da yadda ake gyara sautinta. Daga nan a sa shi cikin 'yan amshi, waɗanda Hausawan yamma ke kira 'yan karɓi. A nan yake haddace gindin waƙa, wato layin da ake maimaitawa, da ɗiyanta, wato baitocinta, ya san inda jagora ke sauke numfashi don ya karɓe, ya iya haɗa hannu da baki ba tare da ɗaya ya kauce wa ɗaya ba. Wanda ya yi fice yakan kai matsayin daudun kiɗi, wato mataimakin jagora, mai riƙe ƙungiya idan maigida ba ya nan.

Rayuwar Musa Ɗanƙwairo misali ce. An haife shi wajen 1909 a ƙasar Bakura, ya tashi cikin ƙungiyar mahaifinsa Usman Ɗankwanda, wadda ta yi kiɗan noma kafin ta zauna a fadar Maradun. Bayan rasuwar mahaifin, yayansa Kurna ya gaji jagoranci, shi kuma ya zama daudunsa na tsawon lokaci kafin ya kafa tasa ƙungiya. Ya rasu a 1991. Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri shi ma ya gaji mahaifinsa Aliyu Ɗandawo, wanda ya yi wa sarakunan Argungu da na Yawuri waƙa. Ibrahim Narambaɗa, haifaffen Tubali ta ƙasar Shinkafi, ya shahara da kotso a fadar Sarkin Gobir na Isa, ya rasu wajen farkon shekarun 1960. Masu tarihi sun saɓa a kan shekarar haihuwarsa. Sa'idu Faru na ƙasar Maradun, wanda ya rasu a 1987, da Salihu Jankiɗi, wanda ake danganta asalinsa da Rawayya kuma ya riƙe sarautar Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, duk a irin wannan makaranta suka fito.

Tantancewar a fili ake yin ta. Makaɗin fada yana fuskantar alƙalansa ranar hawan salla, ko ranar naɗin sarauta, ko daren da sarki ke zaune da fadawansa. Masu sauraro sun san asalin gidan kaka da kakanni, sun san kirarin kowane basarake, saboda haka kuskure ɗaya a jerin magabata ba ya ɓoyuwa. Ana auna ƙarfin hadda, da zaƙin murya, da iya saƙa sabon ɗa nan take idan baƙo ya shigo, da iya zambo da habaici ga 'yan adawar sarki ba tare da an wuce gona da iri ba. Sakamako kuwa doki ne, ko riga da rawani, ko gona, a ƙarshe kuma sarautar kiɗa wadda ake naɗawa kamar kowace sarauta. Makaɗan maza irin su Kassu Zurmi nasu gwajin yana wajen farauta da taron 'yan tauri, makaɗan noma kuma a bakin gayya, inda ake gane gwani daga yadda garma ke ƙara sauri. Wannan tsari yana da tsanani da ƙa'ida ba kaɗan ba, abin da ya rasa shi ne takardar shaida da wata jami'a za ta karanta.

A Nijeriya

Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka ce ta fara buɗe sashen kiɗa a ƙasar, a 1961. Kafin nan masu neman wannan ilimi Ingila suke nufa: Fela Sowande ya tafi Landan a 1934, Fela Kuti ya shiga Trinity College of Music a 1958. Ƙungiyar bunƙasa kiɗa ta Nijeriya, wato MUSON, wadda aka kafa a Legas a 1983, tana da makarantar da ke ba da difloma. Jarrabawowin kiɗa na hukumar ABRSM ta Ingila, wadda aka kafa a 1889, masu mataki 1 zuwa 8, su ma ana zana su a Nijeriya, kuma da yawa suna amfani da su wajen nuna matsayinsu.

Yawancin sassan kiɗa a kudu suke, kamar na Nsukka, Ile-Ife, Awka, Abraka da Uyo, don haka ɗan Gusau ko Birnin Kebbi mai wannan buri tafiya ce a gabansa. A arewa an fi nazarin waƙar baka a sassan harsunan Nijeriya na Sakkwato, Kano da Zariya, inda aka rubuta kundayen digiri masu yawa a kan Narambaɗa da Ɗanƙwairo, kuma Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na cikin waɗanda suka fi hidimta wa fannin. Shiga wannan karatu ba ya buƙatar gwajin kiɗa, domin kalmomin waƙar ake nazarta, ba hannun mai kotso ba.

Takardun nema

Jami'o'in Nijeriya kan nemi digiri na farko mai daraja ta biyu, da cikakken sakamakon jarrabawa, da shaidar hidimar ƙasa, da wasiƙun malamai. Wanda digirinsa na wani fanni ne akan tura shi difloma ta gaba da digiri tukuna. Makarantun waje sukan ƙara da jerin waƙoƙin da mutum ya ƙware a kansu, da bayanin manufarsa, da shaidar iya Turanci kamar IELTS ko TOEFL idan sun buƙata.

A Amurka makarantu da yawa suna rufe karɓar takardu wajen 1 ga Disamba, tare da bidiyon share fage. Wanda ya tsallake shi ake gayyata gwajin gaba da gaba tsakanin Janairu da Maris. A Ingila akan rufe tun farkon Oktoba, a yi gwaji a Nuwamba da Disamba. Wasu makarantun suna karɓar bidiyo kaɗai daga mai nisa, da sharaɗin ba a yanka shi ko an gyara sautinsa ba.

Ranar gwaji

Gwajin kansa gajere ne, sau da yawa minti 10 zuwa 20, ko da yake abin da aka shirya zai iya kai awa guda. Akan bar mai nema ya zaɓi abin da zai fara da shi, daga nan malamai su zaɓi saura, kuma suna iya tsayar da shi a tsakiya. Tsayarwar ba alamar faɗuwa ba ce, lokaci ake tattalawa. Mai piyano akan nemi ya kawo aikin Bach, da sonata, wato dogon kiɗa mai sassa, ta Haydn ko Mozart ko Beethoven, da wani aiki na ƙarni na 19 ko bayansa, dukkansu da ka, ba tare da duba takarda ba. Mawaƙi yakan rera da Italiyanci, Jamusanci, Faransanci da Turanci, tare da mai raka shi da piyano. Akan kuma miƙa wa mutum rubutaccen kiɗan da bai taɓa gani ba a ce ya kaɗa nan take.

Malamai suna sauraron daidaiton sauti, da riƙon lokaci, da tsabtar hannu ko numfashi, da fahimtar salon zamanin da aikin ya fito. Suna kuma lura ko mai nema yana karɓar gyara. Tun da karatun darasi ne na mutum ɗaya da malami ɗaya kowane mako, zaɓen malami ya kusa fin zaɓen makaranta nauyi, shi ya sa masu nema kan roƙi darasin gwaji kafin ranar. A nan tsarin ya yi kusa da zaman yaro a hannun maigidansa.

Matsayin kayan kiɗan gargajiya

Babban shinge ga makaɗin kotso, ko goge, ko gurmi, ko algaita shi ne rubutun kiɗa. Gwajin an gina shi ne a kan karanta alamomin sauti a takarda, makaɗin Hausa kuwa da kunne da hadda ya koya. Daga Kebbi da Zamfara, waɗanda suka fi kusa da wannan rubutu su ne 'yan badujalar soja da ta 'yan sanda, da mawaƙan coci irin na ƙasar Zuru, da wasu masu piyanon situdiyo. Shinge na biyu shi ne sharaɗin digiri na farko, wanda gwanayen fada da yawa ba su da shi. Na uku, kiɗan kotso da taushi aikin ƙungiya ne, jagora ba ya cika sai da 'yan amshi, gwajin kuwa mutum ɗaya yake aunawa.

Ƙofar da ta fi buɗuwa ita ce ta nazarin kiɗan al'ummomi. Mantle Hood, wanda ya kafa cibiyar wannan nazari a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles a 1960, ya dage cewa mai nazari ya koyi kaɗa abin da yake nazarta. A Gana, J. H. Kwabena Nketia ya shigar da gwanayen ganga na gargajiya cikin koyarwar jami'ar Legon tun shekarun 1960. Makarantar SOAS ta Landan ma ta yi suna a nazarin kiɗan Afirka da Asiya. Sassan kiɗa na Nijeriya suna koyar da kayan kiɗan Afirka, sai dai na kudu ne suka fi samun malamai.

Saɓani

Malaman addini sun saɓa a kan hukuncin kiɗa, kuma bayan faɗaɗa shari'ar Musulunci a Zamfara daga 1999 an taƙaita wasu tarukan kiɗa. Ana kuma muhawara a kan ko gwajin 'yan mintoci zai iya auna horon shekaru, da ko labule na rage son kai.

Kuɗin karatu

Makarantar Curtis ta Amurka ba ta karɓar kuɗin koyarwa tun 1928, kuma yawancin makarantun kiɗa na gwamnati a Jamus kuɗinsu kaɗan ne, ko da yake wasu jihohin suna cajin ɗaliban waje. A Amurka tallafi yakan zo ne a matsayin rangwame ko aikin taimaka wa malami, kuma sakamakon gwajin ne ke yanke yawansa. Wanda aka ba irin wannan tallafi galibi yana da zuwa 15 ga Afrilu ya ba da amsa.