Abin da Dokar Ingila Ta Ɗora wa Jami'in Kula da Ɓatattun Karnuka

Sashe na 149 na dokar kiyaye muhalli ta 1990 ya wajabta wa ƙananan hukumomi a Ingila su naɗa jami'in da zai riƙa kama karnukan da aka samu suna gararamba ba tare da masu su ba. A da 'yan sanda ma suna karɓar irin waɗannan karnuka, amma daga watan Afrilun 2008 aka sauke musu wannan nauyi, ya koma kacokan wuyan ƙananan hukumomi. Mai sha'awar wannan sana'a ya kamata ya san cewa kamun kare shi ne mafi ƙanƙantar aikin, domin abin da ke biyo bayansa duk bin ƙa'ida ne da rubutu.

Da zarar an kama kare, sai jami'in ya shigar da shi cikin rajista, ya rubuta kamanninsa da ranar da aka kama shi da wurin, kuma jama'a suna da damar duba wannan rajista. Idan an san mai shi, dole ne a aika masa sanarwa a rubuce. Daga nan sai a tsare karen cikakkun kwana bakwai ana ciyar da shi, kuma mai shi ba zai karɓe shi ba sai ya biya fam 25 da doka ta yanka, tare da duk abin da aka kashe wajen ajiye shi. In wa'adin ya cika babu wanda ya zo, hukuma na iya sayar da shi, ko ta miƙa shi ga wanda zai kula da shi, ko a kashe shi ta hanya mafi ƙarancin azaba, sai dai an haramta ba da shi don gwajin kimiyya. A ganina nan ne aikin ya fi nauyi, domin jami'in da ya shiga sana'ar saboda ƙaunar dabbobi shi ne zai tsaya kan hukuncin da wani lokaci ba zai yi masa daɗi ba.

Gano mai kare ya ƙara sauƙi tun daga 6 ga Afrilun 2016, lokacin da aka wajabta dasa wa duk karen da ya wuce mako takwas ƙwayar na'ura mai ɗauke da lamba a ƙarƙashin fata. Wanda bai yi ba ana ba shi kwana 21 ya gyara, in ya ƙi kuma tarar tana iya kaiwa fam 500.

Ikon jami'in yana da iyaka. Nau'o'in karnukan da dokar karnuka masu haɗari ta 1991 ta haramta mallaka, waɗanda aka ƙara XL Bully a cikinsu, galibi 'yan sanda ne ke bin kadinsu. Zaluntar dabba kuwa yana ƙarƙashin dokar jin daɗin dabbobi ta 2006, kuma ƙungiyar RSPCA da ta yi suna wajen binciken irin wannan ƙara, ƙungiyar agaji ce, ma'aikatanta ba su da ikon kutsawa gidan kowa. Dokar 1990 ba ta gindaya wa jami'in sharaɗin digiri ba. Abin da hukumomi suka fi nema shi ne lasin tuƙi, da gogewa wajen sarrafa karnuka, da haƙurin magana da mutumin da aka kama wa kare.