Tambayoyi da amsoshi kan saitin shotgan a Call of Duty Mobile

Tambayoyin nan su ne 'yan gem suka fi yi game da shotgan a COD Mobile, musamman waɗanda suka shiga rank, wato wasan neman matsayi, suka ga ana ta kwantar da su da shotgan ɗin KRM harbi ɗaya, su kuma in sun ɗauke ta sai ta ƙi ci. Gem ɗin ya fito tun watan Oktoba 2019, an ƙara wa bindigogi ƙarfi an rage musu sau ba adadi, amma yadda ake cin mutum da shotgan yana nan yadda yake.

Na harbi mutum gaba da gaba, na ga alamar cewa na same shi, amma bai faɗi ba, shi ya juyo ya kashe ni. Meke faruwa ne?

Toh ɗan'uwa, shotgan ba harsashi ɗaya take fitarwa ba. Duk harbi ɗaya ƙananan ƙwayoyi ne da yawa ke fita tare, kuma suna fita suna bajewa, kamar ka ɗebi gero a hannu ka watsa wa kaji, kazar da ke gindin ƙafarka ita ce zai zubo wa duka, ta can nesa sai dai ƙwaya ɗaya ko biyu. A wasan ƙungiya da ƙungiya, wato Multiplayer, kowa ransa 100 ne, kuma kowace ƙwaya da nata ɗan ɓarnar da take yi, sai sun taru da yawa a jikinsa sannan ya faɗi. Alamar da ka gani tana fitowa ko da ƙwaya ɗaya ce ta goge shi a kafaɗa, dan haka ganinta baya nufin ka same shi da kyau. Ga kuma nisa, ƙarfin kowace ƙwaya yana raguwa in tazara ta ƙaru, ka ga abu biyu kenan ke cin ka lokaci guda, bajewa da raguwar ƙarfi. Yawancin abun da mutane ke cewa gem ya cuce su, in ka duba da kyau, za ka ga ko dai mai ƙorafin ya yi harbin da tazarar taku biyu ko uku fiye da kima, ko kuma ɗigon saitinsa, wato ɗigon nan na tsakiyar sikirin, yana gefen jikin abokin gaba ne ba tsakiya ba.

To ina zan ɗora saitin, a kai ko a jiki?

Ƙirji. Kai ƙarami ne, in ka saita shi rabin ƙwayoyin sama za su wuce su tafi iska. Saita tsakiyar ƙirji zuwa wuya, na sama su sami kai, na ƙasa su sami ciki. Neman kai aikin mai sinaifa ne.

Wane sensitibiti, wato saurin juyawar ido in an ja yatsa, ƙwararru ke amfani da shi? Ina so in kwafa.

Wannan tambayar ita aka fi yi kuma gaskiya ita ce mafi ƙarancin amfani. Wanda kake son kwafa wataƙila da iPad yake bugawa, sikirin ɗinsa ya ninka naka, yatsunsa ba naka ba ne, jan da zai yi kaɗan ya juya rabin fili kai sai ka ja har bakin waya. Lambarsa ba za ta zauna maka ba.

Ga yadda za ka gano naka. Shiga filin gwaji, ka tsaya, ka ja babban yatsanka sau ɗaya ja na daidai ba tare da ka takura ba, ka ga ko ka juya baya gaba ɗaya. In bai kai ba ƙara kaɗan, in ya zarce rage. Sannan ka gwada tsallaka saiti daga wannan gunkin zuwa wancan, in kullum kana wuce shi sai ka dawo, yayi yawa. A wajen yanayin juyawa ni na fi son wanda gudunsa baya canzawa, wato Fixed Speed, saboda hannu yafi saurin haddace shi, ja iri ɗaya kullum juyi iri ɗaya yake bayarwa. In ka samu wanda ya yi maka, dan Allah ka bar shi. Mutum ya sha kashi a wasa biyu ya ruga setin ya canza lamba, gobe ya sake, toh yaushe hannun zai saba?

Kullum ana riga ni harbi, ko da ni na fara ganin mutum. Hannuna ne bashi da sauri?

Nan ne maganar take, kuma ina so ka tsaya ka karanta da kyau. Mafi yawan lokaci ba saurin hannu ba ne matsalarka, inda ɗigon saitinka yake kafin mutumin ya ɓullo shine matsalar. Ka lura da kanka a wasa na gaba, kana gudu ɗigon nan yana kallon ƙasa ko bango ko sama, sai abokin gaba ya fito ta ƙofa, yanzu sai ka ɗago, ka ja gefe, ka daidaita, sannan ka danna. Aiki huɗu. Shi kuma wanda ya kashe ka tun kafin ya iso ƙofar ya riga ya ajiye ɗigonsa daidai tsayin ƙirji a inda yake tsammanin mutum zai fito, aikinsa ɗaya ne, dannawa. Ko hannunka ya fi nasa sauri ba za ka riga shi ba.

Dan haka koyon shotgan rabinsa sanin fili ne. A filin Nuketown ka san matakalar gidajen nan biyu, ka san garejin, ka san gefen motar bas da ke tsakiya inda mutane ke leƙowa. A filin Crash ka san benen nan mai hawa uku da lungunan da ke shiga shaguna. Duk kwanar da za ka sha, ɗigonka ya riga ka shan ta, yana manne da bakin bango yana bin sa a hankali yadda duk wanda ya bayyana zai bayyana ne a cikin saitinka. Kuma ka daina ratsa fili buɗaɗɗe da shotgan a hannu, wallahi abun yana bani takaici in ga yaro ya ɗauki KRM ya miƙe tsakiyar titin filin Crossfire yana gudu, masu sinaifa kuwa sun samu nama. Bi ta cikin gidaje, bi ta lungu, kai ne za ka zaɓi tazarar da za a yi faɗan, in ka bari abokin gaba ya zaɓa maka ka riga ka faɗi.

Abu na gaba shine haƙuri. Da bindiga irin KRM-262 ko BY15 da ake ja mata hannu bayan kowane harbi, harbin farko shine rayuwarka. Gara ka jinkirta ƙiftawar ido ɗaya ɗigon ya hau ƙirjinsa, da ka danna cikin firgici ka samu iska, domin kafin ta shirya harbi na biyu mai SMG, ƙaramar bindigar nan mai feshi, ya gama da kai. Mutane da yawa saitinsu ba laifi, tsoro ne ke danna musu maɓallin kafin lokaci.

Ka sa iyafis kuma. Jin takun mutum yana gaya maka ta ina zai fito, ka ga ka samu inda za ka ajiye saitin tun kafin ka gan shi, musamman a wasan Search and Destroy da ba a dawowa in an mutu sai zagaye na gaba.

In ɗaga bindigar zuwa ido, wato ADS, ko in harba daga ƙugu?

Dukansu, tazara ce ke yanke hukunci. In kun yi kiciɓis har kamar za ku yi karo, harba daga ƙugu, babu lokacin ɗagawa. In akwai 'yar tazara, faɗin ɗaki misali, ɗagawar tana matse ƙwayoyin su tafi a dunƙule, shi yasa za ka ga masu KRM na gaske suna ɗagawa su harba kusan lokaci guda. Ka tabbata kana kan Advanced Mode ba Simple Mode ba, domin a Simple gem ne ke harba maka da kansa, kai kuma kana bukatar kai ne mai yanke lokacin. A cikin Advanced ɗin za ka iya zaɓa wa shotgan nata tsarin daban da sauran bindigogi, kuma yana da kyau ka ajiye maɓalli biyu a sikirin, ɗaya na ƙugu ɗaya na ɗagawa.

Wacce zan fara da ita, kuma me zan ɗaura mata?

In burinka ka koyi saiti, fara da KRM-262 ko BY15, su ne za su hukunta ka in ka yi sakaci kuma su saka maka in ka natsu. R9-0 tana baka harbi biyu a jere kafin a ja mata hannu, tana da sauƙi ga sabon shiga. HS0405 tana da duka mai nauyi amma tana da nawa tsakanin harbi da harbi. Striker da JAK-12 kuwa feshi ake da su, za ka kashe mutane amma ba za su koya maka komai game da harbin farko ba.

Tun da aka kawo Gunsmith, wato wajen haɗa wa bindiga kaya, a 2020 abu biyar kawai za ka iya ɗaura wa bindiga, kuma kusan kowanne yana baka abu ya karɓe wani. Abun da za ka duba uku ne, nisan da take kashewa, matsewar ƙwayoyi, da saurin harbi bayan gudu. Marauder Suppressor, wanda ake ɗaurawa a bakin bindiga, ana yawan sa shi saboda nisa, cire gindin bindigar yana ƙara saurin motsi. Amma kar ka haddace haɗin wani, domin duk sabon zangon gem ana taɓa lambobin, karanta abun da aka rubuta kore da ja a jikin kowane abu ka gwada a filin gwaji.

Da yatsu biyu nake bugawa. Dole sai na koma huɗu?

Ba dole ba ne, amma ka san iyakarka. Da manyan yatsu biyu, na dama shi ke juya ido, shi ke harbi, shi ke tsalle, shi ke zamiya, kuma ba zai yi biyu lokaci guda ba. Ko yatsa ɗaya ka ƙara, manuniyar hagu a saman sikirin tana harbi, ka 'yantar da na dama ya ci gaba da bin mutum har lokacin da harsashi zai fita. Satin farko za ka ji kamar ka manta gem ɗin gaba ɗaya, kar ka shiga rank a lokacin, kuma kar ka koma tsohon tsari. Jairoskof ma yana taimakawa wajen ɗan gyaran ƙarshe, ka karkata wayar kaɗan maimakon jan yatsa, amma kar ka haɗa koyonsa da koyon sabbin yatsu, ɗaya bayan ɗaya.

Zamiya da tsallen da nake gani ana yi, ado ne ko suna da amfani?

Suna da amfani in an yi su da dalili. Zamiya tana cinye tazara da sauri kuma tana sauke jikinka ƙasa da inda abokin gaba ya saita. Sai dai ka tuna kai ma idonka ya sauka, dan haka dole ka ɗan ɗaga saitin sama, in ba haka ba gwiwarsa za ka harba. Tsalle kuma akasin haka, ka danne shi ƙasa kaɗan. Wanda bai iya samun mutum yana tsaye ba, tsalle ƙara lalata masa saiti zai yi, fara da tushe tukuna.

In na kuskure harbin farko fa?

Kar ka tsaya kana kallonsa kana jiran bindiga ta shirya. Koma bayan bango ko akwati, ko ka zame gefe, ka sake fitowa ta inda bai zata ba. Shi yasa ake son yin faɗan shotgan kusa da abun fakewa. Kuma irin su KRM ɗaya-ɗaya ake cusa musu harsashi, kana iya katse lodin ka harba in an rutsa ka, dan haka duk sanda ka samu sarari ka cika ta.

Netwok da zafin waya suna shafar saiti da gaske, ko uzuri ne?

Da gaske ne, kuma shotgan ta fi kowace bindiga jin sa tunda komai nata harbi ɗaya ne. In lambar fin ɗinka, wato jinkirin netwok, ta yi sama, abun da kake gani a sikirin ya riga ya ɗan wuce. A irin wannan yanayin zama a lungu kana jira baya biya, wanda ya leƙo yakan gan ka kafin ka gan shi, gara kai ka zama mai leƙawa. Waya kuma in ta ɗau zafi tana rage gudun kanta, hoto ya fara sarƙewa, duk wanda ya buga da rana a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ya san wannan. Sauke girafik zuwa ƙasa, ka ɗaga firem, wato saurin sauyawar hoto, iya abun da wayar za ta ɗauka, cire mata riga, kar ka buga tana caji. In gumi na sa yatsa yana kamewa a gilashi, 'yar safar yatsa da ake sayarwa a shagunan kayan waya tana maganinsa.

Wane atisaye zan riƙa yi kullum?

Kafin ka shiga rank, ɗan ɗauki mintuna a filin gwaji kana tsallaka saiti daga gunki zuwa gunki, harbi ɗaya kowanne, a hankali da farko har sai kana samun ƙirji sannan ka ƙara sauri. Daga nan ka shiga ƙaramin fili irin Shipment ko Nuketown inda faɗa baya yankewa, da shotgan kaɗai, kar ka damu da sau nawa aka kashe ka, abun da kake dubawa shine ina ɗigonka yake duk sanda mutum ya ɓullo. In kana da aboki da ya fi ka, ku buɗe ɗaki na ku biyu ya yi ta dukanka, za ka koyi abun da wasa da kwamfuta ba zai koya maka ba. Kuma duk sanda aka kashe ka kar ka tsallake maimaicin da ake nuna maka, kalli inda wanda ya kashe ka ya ajiye saitinsa kafin ya gan ka, gobe in ka zo wannan kwanar kai ma ka ajiye naka a wurin.