Waiwaye: baƙin Kano sun fara naɗe tabarma tun kafin bam ya tashi

Duk sanda aka tada zancen masu zuba jari daga waje, a rediyo ko a majalisar 'yan kasuwar Kantin Kwari, amsar ɗaya ce: rashin tsaro ya kore su. Wasu kuma su ce ai baƙin suna nan, sai dai maimakon su kafa masana'anta, sun zo suna gasa da ɗan gari wajen sayar da atamfa turmi-turmi. Kowa da gaskiyarsa, amma maganar ta girmi hare-haren bam na 2012.

Kano ba ta taɓa rabuwa da baƙo ba. Larabawan Gadamas da Tarabulus sun zauna a Dandalin Turawa suna ciniki a Kurmi. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, Kwarori, wato 'yan Labanon da Siriya, suka biyo, har aka sami Kantin Kwari da titin Beirut. Daga baya su da Indiyawa da Sinawa suka shiga saƙa da roba da fata da alewa a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Ko dokokin 1972 da 1977, da suka tilasta ba 'yan ƙasa hannun jari, ba su tashe su ba.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne 1986. A shekarar aka karya darajar naira, daga kusan kunnen doki da dala zuwa wajen naira huɗu kan dala ɗaya. Mai masaƙa kuwa rini da sinadarai da kayan gyaran inji duk daga waje yake sayo su. Ga wuta ba ta tsayawa, dole janareto ya kwana yana shan dizal. Sannan yadi mai araha daga Asiya ya riƙa kwararowa ta kan iyaka, ana sayar da shi ƙasa da abin da aka kashe wajen saƙa namu. Wanda ya san Sharaɗa a da zai tuna jiniyar canjin aiki, da ma'aikata a kan kekuna sun cika titi, da mai ƙosai da mai shayi a bakin ƙofa. Aka rage aikin dare, aka rage na rana, aka sa kwaɗo. Wasu gine-ginen suka zama sito, ana jibge dilolin irin kayan da a da ake yi a cikinsu.

A nan irin baƙon ya sauya, kuma ni a ganina nan ne tushen abin. Mai inji ba ya iya ɗaukar injinsa ya gudu. Ya san mai unguwa, yana zuwa suna da ta'aziyyar ma'aikatansa, 'ya'yansa na jin Hausa kamar jakin Kano. Mai kwantena kuwa shago ne da waya da jaka. Matasan da iyayensu suka rasa aikin kamfani su ma suka koma acaɓa da zaman kashe wando.

A haka 20 ga Janairun 2012 ta same mu: hare-haren Boko Haram suka ci rayuka aƙalla 185 a yini ɗaya, Allah Ya ji ƙansu. Mako bai cika ba aka sace wani injiniya Bajamushe a wajen gari, ya rasa ransa a watan Mayu. Ƙasashe irin su Amurka da Ingila suka gargaɗi mutanensu kan zuwa Kano. Ƙwararren da zai zo gyaran inji sai ya nemi rakiyar jami'an tsaro, ko ya ce a same shi a Legas. Masu jaka suka kama gabansu, da yawa daga iyalan da aka haifa a nan suka zauna.

Bama-bamai sun lafa shekaru ke nan. Masu masana'antun da suka rage, baƙi da 'yan gida, tambayarsu yanzu ita ce kuɗin wuta, da kuma yaushe bututun gas na Ajaokuta zai iso Kano.