Talauci ba shaidar rashin bangaskiya ba ne

An daɗe ana cewa wanda ya talauce, ko bangaskiyarsa ce ta yi rauni, ko akwai zunubin da yake ɓoyewa. Masu faɗin haka galibi gadon maganar suka yi.

Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. Ayuba adali ne, duk da haka ya rasa dukiyarsa. A Filibiyawa 4:12 Bulus ya ce ya san ƙoshi, ya san yunwa. Yaƙub 5:4 kuwa ya ɗora laifi a kan masu danne ladan ma'aikata. Sau da yawa Allah ya tanada, wani ne ya tare.

In an kawo muku aya ɗaya, ku karanta surar dukanta, ku ga da wa ake magana. Don Allah ku tura wa 'yan'uwa wannan bayani.