Jinotaif: abin da haruffan AA, AS da SS suke nufi

Kalmar jinotaif ta ƙofar aure ta shigo bakin mutane. Magana ta kankama, sai iyaye su ce a je asibiti a duba ko AA ne, ko AS, ko SS. Da yawa suna ɗauka rukunin jini ake nufi, wato A, B, AB da O da ake dubawa idan za a yi wa mutum ƙarin jini. Wannan daban, wancan daban.

A ilimin halittu, jinotaif shi ne ƙwayoyin gadon da mutum ya karɓa daga iyayensa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Gregor Mendel, wani malamin coci a garin Brno na ƙasar Cek ta yau, shi ya fara gano wannan tsari da gwajin shuka wani nau'in wake, ya kuma wallafa sakamakon a 1866. Ya lura cewa wata siffa takan ɓuya a jikin 'ya'ya, sannan ta fito a jikoki. Haka sikila take, wato cutar da mai SS ke fama da ita.

Cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin himoglobin da ke ɗaukar iskar oksijin zuwa sassan jiki. Harafin A na nufin lafiyayyen himoglobin, S kuma wanda ya sami canji. Mai SS ƙwayoyin jininsa suna lanƙwashewa kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, daga nan ciwon ƙashi mai sa babba kuka yake tasowa. Lafiyayyar ƙwaya tana yin kwana 120, amma ta mai sikila da ƙyar ta wuce kwana 20, shi ya sa jini ba ya isarsu. Likita James Herrick ya fara bayyana siffar a Shikago a 1910, sannan a 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar a cikin himoglobin ɗin kanta take.

Me ya sa S ya yi yawa a yankinmu, har kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya suna ɗauke da shi? Anthony Allison ya ba da amsa a 1954, bayan binciken da ya yi a Gabashin Afirka: mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Inda sauro ya yi yawa, yara masu AS sun fi tsira, suka girma suka haihu.

Inda aka fi yin kuskure shi ne lissafi. Idan AS ya auri AS, ana cewa ɗaya cikin huɗu zai zo da SS, sai wasu su ɗauka in an haifi mai sikila ɗaya, uku masu zuwa sun tsira. Ba haka ba ne, kuma wannan fahimta ta jefa gidaje da yawa cikin wahala. Kowane ciki lissafinsa sabo ne. Ana iya haifar biyar babu mai SS, ana kuma iya samun uku a jere.

Akwai kuma harafin C, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso. Mai AC lafiyarsa ƙalau, amma idan ya haɗu da AS ana iya haifar SC, wanda shi ma nau'in sikila ne. A 2024 gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, kuma jinotaif yana cikin abubuwan da ake dubawa.