Wai mene ne labarin "silo-ban"? Wutar ƙaiƙayi ce a soyayya

Ranar jajiberin ƙaramar Sallah muna zaune a tsakar gidanmu a unguwar Aboabo ta Kumasi ana ta yankan albasa da gyaran kaji, ƙanwata da ke aji biyu a sakandare ta dawo hutu ta maƙale wayar Mma tana karanta wani labari da ake turo musu a WhatsApp, can sai na ji ta ja tsaki ta ce, "Yaya, shafi na 32 fa muke, har yanzu saurayin labarin ko sunan yarinyar bai taɓa kira ba, an tambayi marubuciyar ta ce wai a yi haƙuri silo-ban ne, mene ne ma silo-ban ɗin nan don Allah?" Na ba ta amsa a gurguje a lokacin saboda hannuna duk barkono, amma maganar ta tsaya mini a rai, don kalmar ta cika ko'ina yanzu kuma rabin masu faɗinta ba abin da take nufi suke nufi ba.

Kalmar turanci ce, "slow burn", kalmomi biyu aka haɗa, ɗaya na nufin a hankali ɗaya na nufin cin wuta. Masu karatun labarai a waya ne suka jawo mana ita, musamman ta Wattpad, manhajar nan da aka kafa a Toronto ta ƙasar Kanada a 2006, inda marubuci kan liƙa wa labarinsa alama tun daga farko don mai karatu ya san irin abin da zai tarar. Marubutan Hausa da suka gaji rubutun soyayya daga littattafan kasuwar Kano na shekarun 1980 suka koma waya, suka tarar da kalmar suka ɗauka. Amma ni a wurina ba mu buƙaci aro ba, muna da tamu: wutar ƙaiƙayi. Wutar kara kowa ya san ta, fuu ta tashi kowa ya gani, kafin ka juya ta zama toka. Ta ƙaiƙayi kuwa ta ƙarƙashi take ci, sama lafiya lau kamar ba komai, sai ka sa ƙafa ka ji. Yaranmu na Kumasi da ba su taɓa ganin sussuka ba su tuna tulin dusar katako irin na wajen masu yankan katako a Sokoban, ko garwashin da mai waakye, wato shinkafa da wake, ke lulluɓewa da toka da dare, da asuba ta tona ta tarar da shi ja. To labarin da aka kira silo-ban shi ne wanda so ke kama mutum biyu haka, su kansu ba su farga ba, mai karatu ne ke fara jin ɗumin kafin su.

Sau da yawa za ka ga kalmar ba ta zuwa ita kaɗai, ana haɗa ta da wasu abubuwa biyu. Na ɗaya, yaro da yarinya waɗanda halinsu ya yi hannun riga. Na biyu, wani taron biki na lokacin hutu inda abin da ke ɓoye ke ɗan leƙowa. A labaran Amurka bikin Kirsimeti ne ko daren sabuwar shekara, mu kuma a zango Sallah ce, ko fita yawon tafkin Bosomtwe da 'yan aji kan shirya, ko taro a Rattray Park.

Kuma wallahi in akwai wurin da irin wannan labarin ya dace da shi to sakandaren Gana ce, saboda tsarin da kansa ba ya barin sauri. Shekara 3 ce kacal, da yawa kwana ake a makaranta, waya haramun ce ga ɗalibi in an kama ka an ƙwace, gidan kwanan mata daban na maza daban, inda za a haɗu aji ne da ɗakin cin abinci da firef, wato zaman karatun dare da malami ke zagayawa, sai daren Asabar na nishaɗi. Tun da aka fara sakandare kyauta a Satumbar 2017 ɗalibai suka yi yawa har aka kawo tsarin layi biyu a 2018, kore da ruwan zinare, wasu na makaranta wasu na gida, a lokacin sai ka ga mutum biyu makaranta ɗaya shekara ɗaya amma wata da watanni ba su ga juna ba. In kuwa shi ɗan Prempeh ne ko Opoku Ware ita kuma 'yar Yaa Asantewaa, maza zalla mata zalla, to sai dai a gasar wasanni ko hutu. Ka ɗora kunyarmu ta zango a kan wannan, da idon unguwa da ba ya barci, ka ga marubuci ba ya ma buƙatar ƙirƙiro shinge.

Bari in ba ku wanda na gani da idona, ba zan faɗi suna ko makaranta ba. A ajinmu akwai wata yarinya 'yar Asawase, kimiyya take yi, ba ta magana sai an tambaye ta, hijabinta kullum a goge, burinta ɗaya a duniya a sa ta cikin masu wakiltar makaranta a gasar kimiyya da lissafi ta ƙasa. Akwai kuma wani yaro ɗan ajin zane-zane, surutu kamar ya haɗiyi rediyo, shi ne mai riƙe makirfo daren Asabar, ko tebur ya samu sai ya mai da shi ganga. Wani dare ana firef aka yi dumso, wato aka ɗauke wuta, shi ya fara kiɗa a kan benci aji ya kaure da ihu, ita ko tana da jarrabawa washegari, da aka zo tambaya ta miƙe tsaye ta nuna shi. Kwana uku yana yankan ciyawa da adda. Daga nan ko hanya ba sa haɗawa, in ta shigo ya yi shiru, in ya shigo ta tattara littattafanta.

A aji biyu zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita aka kai ta gida kusan sati biyu. Da ta dawo sai ta tarar da wani sabon littafi a cikin teburinta, an kwafe mata duk darasin bayoloji da ta rasa, rubutu kamar bugun inji, zanen zuciya da na ƙoda har da inuwa, ba suna ba komai. Ta tambayi duk 'yan kimiyya kowa ya ce ba shi ba ne. Ashe shi ne ya ari littafin wani abokinsa yana kwafa da tocila, mutumin da ko darasin ba ya yi. Mu da muka sani muka kama bakinmu don ya roƙe mu.

Sai Sallah ta faɗo cikin hutu. Bayan an kalli hawan Gangara da yamma, dawakai da ganguna da ƙura, muka taru a gidan wata 'yar ajinmu, iyayenta na nan suna kallo daga baranda, an haɗa kuɗi an yi jalof da sobolo da burkina an sayo tsire. Abu na farko da ya faru shi ne ya gan ta ta ajiye takalmi tana buga ampe, wasan tsalle da tafi na 'yan mata, da ƙananan yaran gidan tana dariya har da riƙe ciki, yarinyar da shekara biyu bai taɓa ganin haƙorinta ba, na ga yadda kofin sobolo ya tsaya a hannunsa bai kai baki ba. Ita kuma abin da ta gani shi ne mai surutun nan durƙushe gaban kakar gidan yana yayyanka mata nama ƙanana-ƙanana saboda ba ta da haƙora, ba wanda ya sa shi. Can aka miƙo takardar da aka rubuta sunayen waɗanda suka ba da sidi nawa-nawa don kowa ya duba nasa, ta karɓa, ta daɗe tana kallon takardar fiye da yadda duba suna ɗaya ke buƙata. Rubutun ne ta gane. Da za a watse ta zo wucewa ta gabansa ta tsaya, idonta a ƙasa, ta ce, "Barka da Sallah. Zanen ƙodar ya fi na littafin gwamnati kyau." Yaron da ke iya riƙe makaranta guda da baki ya kasa cewa ko uffan, sai da ta hau pragya, keke mai ƙafa uku, ta tafi sannan ya ce "barka kadai" a hankali, ga wanda ba ya nan.

Shi ke nan abin da ya faru a daren. Suka koma makaranta suka rubuta WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, gaisuwa ce kawai ta ƙaru a tsakaninsu, sai bayan shekaru da kowa ya kama abin yi manyansa suka kai goro gidansu.

Na tsaya a kan wannan ne don a ga yadda abin yake aiki. Kowane ƙaramin abu ya motsa wani abu a zuciyar ɗayan, hukuncin yankan ciyawa, littafin da ba suna, ampe, naman kaka, takardar sidi, in ka cire ɗaya daga ciki maganar ƙodar nan ba za ta yi nauyi ba. Taron Sallar ma amfaninsa kenan a labari, wuri ne da aka tuɓe yunifom, kowa ya ga ɗayan a cikin mutanensa, ya gane cewa abin da ya ɗauka shi ne duk halin mutumin ashe ɓangare ɗaya ne.

Inda nake da ja da wasu marubutanmu shi ne sun mai da kalmar mafakar jan rai. A kai shafi 150 ana zagaye wuri ɗaya, yau rashin fahimta gobe wata 'yar uwa mai makirci jibi hatsarin mota a manta komai a koma farko, in masu karatu sun yi ƙorafi a ce ai silo-ban ne. A'a. Gwajin mai sauƙi ne, tsallake shafi 10 ka ci gaba, in ba abin da ka rasa game da yadda suke kallon juna to ba wuta a ƙarƙashin, toka ce zalla. Abin da ya fi wannan ci mini rai kuma shi ne yadda ake fassara hannun riga da wulaƙanci, a kawo yaro ɗan masu kuɗi mai girman kai ya zagi yarinya ya mare ta a gaban aji ya tozarta iyayenta, wai duk so ne ke ɗawainiya da shi bai sani ba. 'Yan shekara 15 da 16 ne fa ke karanta wannan, irin ƙanwata, kuma ba na so ko ɗaya cikinsu ta tashi da tunanin cewa wanda ya ci mutuncinta yana kan hanyar sonta ne. Bambancin hali daban, mugun hali daban. Mai surutu da mai shiru, mai lissafi da mai zane, 'yar gidan malamai da ɗan gidan makaɗa, ai akwai abin rubutu a nan har a gaji ba tare da an ɗaga hannu a kan kowa ba.

Mma da ke jin mu a ranar tana tsame kaji daga mai ta ce ita ba ta ga abin baƙunta a ciki ba, wai babanmu shekara biyu yana tsayawa gaban teburin kokon Hajiyarsu kowace safiya yana sayen koko da ƙosai alhali a gidansu ma ana damawa, kuma bai taɓa ce mata komai ba bayan "a ƙara sikari".

Ƙanwata dai ta kai shafi na 41 kafin hutu ya ƙare. Ranar komawa muna cusa mata gari da shito da madara a akwatin katako ta miƙo mini wayar Mma ta ce, "Yaya, don Allah duk wanda aka turo ki adana mini kar ki goge, kuma in kin karanta kar ki faɗa mini komai in kun zo ziyara, sai na dawo."