Ziyarar Hanford, inda aka haɗa sinadarin bam ɗin Nagasaki: tambayoyi da amsoshi

A jihar Washington ta Amurka, can kuryar arewa maso yammacin ƙasar (ba birnin Washington da gwamnati ke zaune ba), akwai wani ginin siminti mai launin toka a tsakiyar fili, kusa da kogin Kolombiya. Sunansa B Reactor, filin kuma ana kiransa Hanford. Shi ne murhun nukiliya na farko a duniya da aka gina don samar da fulutoniyam (wani ƙarfe da ake ƙera bam ɗin nukiliya da shi) mai yawa, kuma abin da ya fito daga cikinsa shi aka jefa wa birnin Nagasaki a 1945. Yau ana ɗibar baƙi a bas, a kai su su gani da idonsu.

Da gaske mutum zai iya shiga wurin da aka yi sinadarin bam?

Ƙwarai kuwa, kuma ba a biyan ko sisi. Tun watan Nuwamba na 2015 wurin ya shiga cikin gandun tarihi na Shirin Manhattan, wato shirin sirri da Amurka ta ƙera makaman ƙare dangi da shi a Yaƙin Duniya na Biyu. Gandun ya haɗa wurare uku: Hanford, da Oak Ridge a jihar Tennessee, da Los Alamos a jihar New Mexico. Hukumar kula da gandayen ƙasa da Ma'aikatar Makamashi ne suke riƙe da shi tare.

Mai son zuwa yakan yi rajista ta intanet, ya hallara a ofishin baƙi da ke garin Richland, daga nan bas ta kwashe su. Tafiyar takan ci minti 45 ko makamancin haka, a yi kamar awa biyu a cikin ginin, a juyo. Duka-duka awa huɗu. A da sai ɗan Amurka baligi ake bari ya shiga. Daga baya aka buɗe wa yara da 'yan ƙasashen waje. Ana ɗaukar hoto, amma sai da rufaffen takalmi. Ba a zuwa da hunturu, kuma akan dakatar da ziyara idan ana gyaran ginin, don haka kada mutum ya yanki tikitin jirgi bai duba ba.

Me ya sa aka zaɓi wannan wuri?

Abu uku sojoji suke nema a ƙarshen 1942: ruwan sanyi mai yawa, lantarki mai yawa, da wurin da babu jama'a sosai, ko da wani abu zai fashe. Kogin Kolombiya ya ba da ruwa, madatsun Grand Coulee da Bonneville suka ba da wuta. Kanar Franklin Matthias ne ya leƙa wurin ya kai wa shugaban shirin, Janar Leslie Groves, rahoto, a watan Janairu na 1943 aka amince.

Sai dai "babu jama'a sosai" ba ya nufin babu kowa. Akwai ƙauyukan manoma biyu, Hanford da White Bluffs, masu gonakin 'ya'yan itace. Mutum kimanin 1,500 aka ba takarda su tattara nasu ya nasu cikin kwana 30, ba tare da an gaya musu dalili ba. 'Yan asalin ƙasar na ƙabilar Wanapum, waɗanda kaka da kakanni suke kamun kifi a wannan gaɓa, su ma aka rufe musu hanya. Filin da gwamnati ta killace ya haura murabba'in kilomita 1,500. Har yanzu kangon makarantar sakandaren Hanford da ɗan ginin bankin White Bluffs suna nan tsaye, kuma akwai ziyara ta daban da ake kai mutane su gan su.

To, idan an shiga, me ake gani?

Abin da ke fara tsayar da mutum shi ne fuskar murhun. Bango ne mai tsayin kusan mita 11, an jera masa bakunan bututu 2,004, sahu-sahu daga ƙasa har sama. Bayan bangon akwai tulin tubalan girafayit, baƙin ma'adinin nan na cikin fensir, wajen tan 1,200, bututun alminiyom suna ratsa shi daga gaba zuwa baya.

Aikin kuwa haka yake. Ana yanka yuraniyam gutsi-gutsi, kowanne bai kai tsawon kamu ɗaya ba, a lulluɓe shi da alminiyom, a tura cikin bututun. Idan ƙwayoyin yuraniyam suka fara tsagewa, sai su riƙa fitar da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake kira niyutiron. Girafayit yana rage musu gudu don su iya tsaga wasu ƙwayoyin, abin ya ci gaba da kansa. A cikin haka wani ɓangare na yuraniyam ɗin yakan haɗiye niyutiron ya rikiɗe ya zama fulutoniyam. Bayan wasu makonni sai ma'aikata su turo sabbin gutsattsari ta gaba, tsofaffin su faɗo ta baya cikin wani tafki mai zurfi, domin a lokacin duk wanda ya tsaya kusa da su ba ruwa a tsakani, kwanansa ya ƙare.

Zafin da ke fitowa ba a yi lantarki da shi ba ko na ƙwan fitila ɗaya. Ruwan kogi ake zuƙowa, sama da lita 100,000 a kowane minti, ya ratsa bututun, a ɗan ajiye shi ya huce, a mayar da shi kogi.

Sai ɗakin sarrafawa, wanda ya fi kowane ɗaki jan masu hoto. Kujera ɗaya ce gaban allon agoguna da makunnai, a gefe kuma bango guda cike da ma'aunai, kowane bututu da nasa mai nuna ƙarfin ruwan da ke cikinsa. Babu kwamfuta. Da ido da fensir da takarda aka tuƙa wannan abu. Akwai sanduna 9 da ake turawa ta gefe don ƙara ko rage wuta, da wasu 29 a rataye a sama waɗanda za su faɗo su kashe murhun nan take idan an ga ba daidai ba.

An ce ranar farko ma mutuwa ya yi?

Haka aka yi, kuma duk mai rakiyar baƙi yana son ba da wannan labari. Kamfanin DuPont ya fara ginin a watan Oktoba na 1943, bai cika shekara ba aka gama. Daren 26 ga Satumba, 1944, aka kunna shi a gaban Enrico Fermi, masanin da ya fara tayar da irin wannan wuta a Chicago a watan Disamba na 1942. Komai ya tafi daidai na 'yan awoyi. Can sai ƙarfi ya fara raguwa da kansa, har murhun ya mutu murus. Ana cikin jimami, washegari ya farfaɗo ba wanda ya taɓa shi, ya sake mutuwa.

Masanin kimiyya John Wheeler ne ya gano bakin zaren. Tsagewar yuraniyam tana haifar da wata iska mai suna zinon-135, wadda ke haɗiye niyutiron fiye da kima, ta danne wutar kamar yadda toka ke danne garwashi. Bayan awoyi iskar takan lalace da kanta, wutar ta dawo, ta sake haifar da ita.

Maganin yana nan tun kafin a san cutar. Masana kimiyya sun zana murhun da bututu 1,500, suna ganin ya isa. Injiniyoyin DuPont, da halinsu na barin rara, suka nace aka ƙara 504 a kusurwoyi, duk da ƙorafin cewa ɓata lokaci ne da kuɗi. Da aka cika waɗannan da yuraniyam sai wutar ta fi ƙarfin zinon. Ba don wannan taurin kai ba, da sai an rushe an sake gini. Fulutoniyam na farko ya isa Los Alamos, inda ake ƙera bam ɗin, a watan Fabrairu na 1945.

Bam ɗin Hiroshima ma daga nan ya fito?

A'a. Na Hiroshima, ranar 6 ga Agusta, na yuraniyam ne da aka tace a Oak Ridge. Fulutoniyam ɗin Hanford ya shiga bam biyu: wanda aka gwada a hamadar New Mexico ranar 16 ga Yuli, 1945, da wanda aka jefa a Nagasaki ranar 9 ga Agusta. Fulutoniyam ɗin da ke cikin na Nagasaki kilo 6 ne da 'yan kai. Bisa ƙididdigar birnin, mutum kusan 74,000 suka mutu kafin ƙarshen wannan shekara.

Ma'aikatan sun san abin da suke ginawa?

Ƙalilan ne suka sani. A 1944 ma'aikata sun kai wajen 45,000, an kwaso su daga ko'ina a Amurka, suna kwana a barikoki da tireloli cikin guguwar ƙura mai sa wasu ajiye aiki washegari. An hana tambaya, an hana magana. Mafi yawansu a rediyo da jarida suka ji, bayan Hiroshima. Baƙaƙen fata da suka zo aikin an ware musu barikinsu da wurin cin abincinsu daban, waɗanda suka zauna a gari kuma aka tura su gabashin Pasco.

Japan ma ta taɓa wurin ba tare da ta sani ba. A watan Maris na 1945 ɗaya daga cikin balan-balan masu ɗauke da bam da take sakewa iska ta tsallako da su teku ya faɗa kan wayar lantarkin da ke ciyar da Hanford, aiki ya tsaya na ɗan lokaci.

Ina aka samo yuraniyam ɗin? Akwai na Nijar a ciki?

Babu. Haƙar yuraniyam a Arlit sai a 1971 ta fara, shekara uku bayan an kashe B Reactor, kuma Faransa ce ta kwashe shi. Amma Afirka tana cikin labarin tsundum. Kaso mafi tsoka na yuraniyam ɗin Shirin Manhattan daga mahaƙar Shinkolobwe ya fito, a lardin Katanga na Kwango, lokacin tana hannun Beljiyam. Dutsen wurin ya fi na ko'ina a duniya ƙarfi nesa ba kusa ba. Shugaban kamfanin Union Minière, Edgar Sengier, ya riga ya yi jigilar sama da tan 1,000 zuwa New York tun 1940 don kada ya faɗa hannun Jamus, yana ajiye a wani sito har sojojin Amurka suka zo nema. 'Yan Kwangon da suka haƙo shi ba su san ina za shi ba, ba kuma wanda ya damu da abin da ƙurarsa za ta yi wa huhunsu.

Babu haɗari ga mai ziyara?

Tun watan Fabrairu na 1968 aka kashe murhun, aka kwashe yuraniyam ɗin. An tsabtace hanyoyin da baƙi ke bi, ana kuma auna su, wuraren da ke da sauran tururin nukiliya an katange su da igiya da alama. Wanda ya bi inda aka ce ya bi, ba shi da abin tsoro.

Haɗarin yana wani wuri, 'yan kilomitoci daga nan, inda bas ɗin baƙi ba ta zuwa.

Wane wuri ke nan?

Tsakiyar filin, inda aka gina masana'antun raba fulutoniyam da sauran tarkace. Gutsattsarin da suka faɗo daga murhu akan ɗauko su a jirgin ƙasa, a narkar da su cikin ruwan asid a wasu dogayen gine-gine marasa taga, tsawon kowanne ya haura mita 240, ma'aikata suna sarrafa komai daga bayan katangar siminti mai kauri. Daga tan guda na yuraniyam abin da ake samu bai kai kilo ɗaya ba. Sauran duk dagwalo ne mai guba.

Kuma aikin bai tsaya a 1945 ba. Lokacin yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyet, murahu tara aka jera a bakin kogin, na ƙarshe ya tsaya a 1987. Kusan kashi biyu cikin uku na fulutoniyam ɗin makaman Amurka daga Hanford ya fito. Abin da ya bari shi ne tankuna 177 a binne a ƙasa, ɗauke da dagwalo sama da lita miliyan 200. Guda 149 bango ɗaya gare su, kuma ana zargin fiye da 60 sun yi yoyo.

Akwai kuma abin da ya bi iska. A watan Disamba na 1949 da gangan aka saki aidin mai tururin nukiliya a wani gwaji na sirri da aka kira Green Run. Irin wannan aidin yakan sauka kan ciyawa, saniya ta ci, ya shiga madara, yaro ya sha, ya taru a ƙwayar maƙogwaron nan da kumburinta ke kawo maƙoƙo. Mutanen da ke zaune ta inda iskar ke kaɗawa ba su san komai ba sai a 1986, da aka tilasta wa gwamnati ta saki dubban shafukan takardun sirri. Shari'ar da suka shigar ta ɗauki sama da shekara 20.

Ana faɗa wa baƙi duk wannan?

Ana taɓawa, amma ba shi ne jigon ziyarar ba. Da yawa cikin masu rakiya tsofaffin ma'aikatan Hanford ne, sun san kowane famfo da kowane makunni, suna alfahari da aikinsu, kuma a gaskiya aikin injiniyan abin a jinjina ne. Sai dai ginin da kansa yana karkatar da hankali. Mutum yana tsaye gaban bututu 2,004 da aka jera ba kuskure, tunaninsa yana kan gwanintar waɗanda suka yi, ba kan unguwar Urakami ta Nagasaki da bam ɗin ya fashe a samanta ba. Mutanen Nagasaki da masu fafutukar yankin sun sha kokawa cewa an ba na'ura fili fiye da waɗanda ta hallaka. A ganina suna da gaskiya, kuma wanda zai je gara ya karanta labarin Nagasaki da na Shinkolobwe tun a gida.

Garin Richland shi ma bai ɓoye matsayinsa ba. 'Yan wasan makarantar sakandaren garin ana kiransu Bombers, tambarinsu kuwa hayaƙin bam ne mai siffar lema. An daɗe ana jayayya a kai, tambarin yana nan.

Yaushe za a gama share wurin?

Ba nan kusa ba. An fara aikin a 1989 bisa yarjejeniya tsakanin Ma'aikatar Makamashi da Hukumar Kare Muhalli da gwamnatin jihar Washington, kuma yana cin fiye da dala biliyan 2 duk shekara. Yawancin sauran murahun an rushe gine-ginen da ke kewaye da su, an toshe ƙofofi, an yi musu sabon rufi, za a bar su har shekara 75 tururin ya ragu kafin a san yadda za a yi da su. B Reactor ma haka aka shirya yi masa, sai tsofaffin ma'aikata suka kafa ƙungiya suka yi ta kai gwauro suna kai mari, har aka ayyana shi wurin tarihi na ƙasa a 2008.

Dagwalon tankunan kuwa, dabarar ita ce a gauraya shi da narkakken gilashi, a zuba cikin gwangwanayen ƙarfe ya daskare. Masana'antar da aka tanada don wannan aiki an fara gina ta tun farkon shekarun 2000, ta wuce wa'adinta da shekaru masu yawa, kuɗinta ya ninka sau da dama. Hasashen hukuma shi ne aikin zai kai shekarun 2070 ko ya wuce. Fulutoniyam-239 da ya rage a ƙasar wurin kuwa, sai bayan shekara 24,100 rabinsa yake lalacewa.